Tsakanin Nutsu da Nutse

Doha, unguwar Old Airport
Watan Maris

Zuwa ga Yaya Asabe, matar yayana marigayi Gado,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda ta same ki da 'yarki Jael da maigidanta da jikoki cikin ƙoshin lafiya. Ni dai da sauƙi. Gwiwa ce ta ƙi sauya hali, tsayuwar asibiti kuwa ba ta duba shekarun mutum.

Na zaɓi in rubuta da hannu, in ɗauki hoton takardar in turo wa Jael ta karanta miki, domin na san halinki a waya. Da zarar na ambaci Dogara sai ki tambaye ni ko ana samun daddawa a Doha. Ban zarge ki ba. Ɗan fari ne, kunyarsa kike yi kamar yadda kika tarar iyayenmu suna yi. Amma ranar da zai taso, ni kika damƙa wa amanarsa, mai riƙon amana kuwa wajibi ne ya ba da rahoto ko ba a tambaye shi ba.

Kin san tun bara yaron ya rame, ba ya barci. Aikinsu gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ne a kan rufin benaye, rana a ka, ƙarar inji a kunne, sa'an nan ya koma Al Rayyan ɗakin da suke cunkushe. Yakan zo wurina ranar Juma'a bayan sujada, don a nan Juma'a ce ranar hutu, ya zauna gaban tuwo yana kallonsa kamar aiki aka ba shi. Na yi addu'a, na yi azumi, na yi faɗa, ban ga canji ba.

Sai wani abokin aikinsa, Jeffrey, mutumin Filifin, ya ja shi koyon nutso. Ba wankan rafi ba ne. Sai da aka daɗe ana koya masa a tafkin ninƙaya, malami yana tsaye a kansa, kafin a bar shi ya ga teku. Suna goya tukunyar iska a baya, tiyo a baki, gilashi a fuska, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ba a shiga ɗai-ɗai, sai bibbiyu. Abin da yake nema a ƙasan shi ne kunkurun teku, wanda ya fi kififiyar rafinmu girma nesa ba kusa ba, wani ya kai murfin rijiya. Yana ɗaukar hotonsu da kyamara da aka kulle a akwatin da ruwa ba ya shiga, ya tura wa wasu masu kula da halittun teku. Ya ce kuncin yake nema, domin kowane kunkuru da tsagarsa a fuska kamar mutanen da, ba a samun biyu iri ɗaya, da ita ake gane wanda ya dawo da wanda ya ɓace.

Na san matsayin ruwa a gidanmu. Shi ya ci yayana, mijinki, a gaban idon wannan yaro yana bakin gaɓa riƙe da fartanya. Ranar da Dogara ya faɗa min abin da yake yi, tashi na yi na shiga ɗaki, na daɗe ban fito ba. Amma ni nas ce, aikina duba jikin mutum, ba zan yi wa idona ƙarya ba. Kumatunsa sun ciko. Yana cinye tuwo ya nemi ƙari. Shekaranjiya har tsokanata ya yi, wai miyata ta fi tekun gishiri. Ga abin da nake so ki riƙe, na ja masa layi don kada ya ɓace a cikin yawan maganata:

Yaronki ya nutsu a tekun nan.

Ban ce na yarda da abin ba. Yana sa shi rasa sujada wasu Juma'o'in, wannan yana damuna ƙwarai. Ina tambayar kaina ko daɗin ganinsa yana cin abinci ne ya rufe min baki a inda ya kamata in yi magana. Ki taya ni roƙon hikima.

Taki cikin Ubangiji,
Liatu

*

Kafur, watan Maris

Liatu,

Muna lafiya, in abin da muke ciki sunansa lafiya. Jael ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana ta gyara min magana.

Kin kashe min ɗa na yini guda.

Hoton takardarki ya zo da hantsi, dishi-dishi. Jael ta buɗe, idonta bai faɗa ko'ina ba sai kan layin da kika ja. Da wannan rubutu naki na mutanen asibiti, wasalin ƙarshe ya lanƙwashe, ta karanta min: yaronki ya nutse a tekun nan. Ta yar da wayar. Ni ban san lokacin da na kai ƙasa ba.

Ba wanda ya koma kan sauran takardar. Wa zai tsaya karanta gaisuwa bayan wannan? Muka kira ki, a kashe. Muka kira shi, a kashe. Kafin rana ta take matan zumuntar majami'a sun cika gida, an shimfiɗa tabarmi har waje, matar Ɗanlami maƙwabcinmu ta ɗora tukunyar baƙi. Wata har ta fara ba da labarin mafarkin da ta yi a kansa. Sai can da yamma fasto ya ce a ba shi wayar ya ga ko kin faɗi yadda za a yi da gawa. Ya sa tabarau ya fara daga sama. Da ya kai wurin tuwo sai ya tsaya, ya ce, "Asabe, gawa ba ta neman ƙari." Ya ƙura wa layin ido, ya ce, "Wannan ai u ne."

Mutane suka yi ta dariya da hawaye, aka cinye abincin makoki tunda an riga an dafa. Ni ban yi dariya ba. Daga baya kika kira kika ce wayarki tana kulle a akwatin ajiya kina kan aiki, shi kuma sun fita da jirgin ruwa inda babu sabis. Wato lokacin da nake birgima a tsakar gida, yana can ƙarƙashin ruwan da gaske.

Na ɗanɗana, Liatu. Na san yadda ranar za ta kasance, har wadda za ta ɗora tukunya na sani. Na yi zaman makokin Gado, na yi wannan na ƙarya, ba zan yi na uku ba.

Ga saƙona, ki kai masa yadda na faɗa, tunda kin san bakina ba ya iya magana da shi. Ki ce masa in ya sake sa ƙafa a ruwan nan, ban yafe masa nonon da ya sha ba.

Kunkuru kuwa, in kallonsa yake so, akwai wani a bayan rumbu.

Asabe

*

Doha, watan Afrilu

Yaya Asabe,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Na ji daga Jael cewa jininki ya hau bayan abin da ya faru. Ina roƙonki ki riƙa shan maganin kullum, ba sai ranar da kanki ya sara ba. Ni ina nan. Zafi ya iso.

Ki gafarce ni. Ni ce mai tsawata wa ƙananan ma'aikata a kan rubutun da ba ya karantuwa, ina ce musu harafi ɗaya yana iya mai da magani guba, ga shi na tara wa gidan yayana makoki da wasali guda. Na kuma bincika zuciyata a kan kalmar kanta. Ina iya cewa hankalinsa ya kwanta, magana ta ƙare. Amma na ga nutso da nutsuwa sun yi kama, abin ya ba ni sha'awa, na so a ce Liatu ta iya tsara zance. Girman kai ne ya ja layin nan. Na kai shi gaban Ubangiji.

Saƙonki kuwa ban isar ba tukuna, kuma ba zan ce miki ban sami dama ba. Dogara ya zo Juma'ar da ta wuce yana dariya yana share ido, wai ashe yana da mutane, ya so a ce an ajiye masa kasonsa na abincin makokinsa. Sa'an nan ya buɗe kwamfuta ya ce, "Gwaggo, zo ki ga waɗanda suka jawo mana."

Na zauna da niyyar in faɗa masa da zarar ya rufe. Na ga wata babbar macen kunkuru, bakinta kamar na shaho, tana tsinkar abinci a jikin dutse, ko kallonsa ba ta yi ba. Na ga wata kwance a gindin wani tudu, ido rabi a rufe, irin kwanciyar tsohuwar da ta gama aurar da 'ya'ya. Ya nuna min wata da zaren masunta ya naɗe wa hannun gaba har ya ci nama. Ya ce ta tsere musu, suna nemanta su yanke zaren. Ya ce, "Ba kifi ba ce, Gwaggo. Huhu gare ta irin namu. In zaren ya maƙale a dutse ta kasa hawa shan iska, ruwa zai ci ta kamar kowa."

Sai na yi masa tambayar da ban taɓa yi ba, ko yana tuna babansa a can ƙasa. Ya ce, "A tudu nake tuna shi. A kan rufi, a bas, a gado. A ƙasa ba ni da aiki sai numfashi. Abu na farko da suke koya maka ke nan, kada ka riƙe numfashi. Ni kuwa tun ranar nan a riƙe nake da shi."

Ya rufe kwamfutar, ban faɗa ba.

Yaya, kalmar da kika ɗora min ba irin wadda ake mayarwa cikin baki ba ce. Yaron nan zai bi ta, ba na shakka, abin da nake tsoro ke nan. Ina kwana ina tashi da tambaya ɗaya: jinƙai ne ya riƙe harshena, ko kuwa so nake in zama gwaggon da ake ƙauna, in bar ki ki zama uwar da ake tsoro? Ban sami amsa mai tsabta ba. Abin da nake roƙo shi ne ki ba ni wata kalmar in kai. Ki ce kina tsoro, ko ki ce ya rage, ko ya riƙa sanar da ke kafin ya shiga. Kowacce kika ba ni, ba zan bar ta ta kwana a hannuna ba.

Ƙanwarki,
Liatu

*

Kafur, ƙarshen Mayu

Liatu,

Muna lafiya. An yi ruwan shuka, mun shuka.

Shirun da na yi, jira nake in ga ko za ki yi abin da aka sa ki. Jiya ya turo wa Jael hoton wata dabbar, ashe har yanzu ana shiga.

Ba ni da wata kalma. Ba a kasuwa muke ba da za ki ce in rage. Kin ce kumatunsa sun ciko. Na Gado ma a cike suke ranar da ya shiga rafin. Ke kina kallon hoto a ɗaki mai sanyi, ni ce aka shimfiɗa wa tabarma.

Amanarsa na ba ki, ban ba ki shi ba. In ba za ki iya ba ki faɗa, in sa fasto ya kira shi ya karanta masa a gaban dattawan majami'a. Ki zaɓar masa wanda ya fi sauƙi.

Asabe

*

Doha, watan Yuli

Yaya Asabe,

Salama ta Ubangiji ta tabbata a gidanki. Na ji an yi shuka, Allah ya sa mata albarka. Mu nan iskar kanta tafasasshiya ce, in mutum ya fito waje tabarau sai ya yi gumi. Gwiwa ta kumbura, ina ɗaure ta in tafi aiki. Na jinkirta amsa ne don in kawo miki rahoto cikakke.

Na isar. Juma'ar da ta biyo bayan takardarki, da muka dawo daga sujada, na bari ya ci ya wanke hannu. Ban ƙara ba, ban rage ba, ban kuma ce masa ni ban yarda ba, domin wannan zai zama na ɗora miki kayan na koma gefe. Da kalmominki na faɗa.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Haka ta ce? Nonon?" Na ce haka ta ce. Sai ya yi wani murmushi da ban so ba, ya ce, "Gwaggo, kin san tun da aka haife ni wannan ne saƙo mafi tsawo da Inna ta taɓa aiko min?" Na ce ya kiyaye harshensa, uwarsa ce. Ya ce, "Ai shi ya sa. Halas, an gama."

Da yamma ya dawo da kyamarar da akwatinta da gilashin fuska, ya ɗora su a kan kabad ɗina. Ya ce ba ya son su zauna a ɗakinsa suna kallonsa. Jeffrey ya sami wani abokin shiga, suna ci gaba da neman kunkurun nan mai zare. Dogara ya bi su sau ɗaya, ya zauna a cikin jirgin yana kallon kumfar numfashinsu tana fitowa. Da ya dawo ya ce ba zai sake ba, tsayuwa a gaɓa ana kallon ruwa ta ishe shi tun yana yaro.

Bai sake shiga ba, ki kwantar da hankalinki ta wannan fannin. Yanzu ba ya rasa sujada, benci na gaba yake zama. Abin da na yi ta roƙo ke nan, an ba ni, na kuma kasa yin godiya da dukan zuciyata. Ban san yadda ake tuba daga amsar addu'a ba.

Ga abin da idon nas ya gani. Tuwo ya koma yin saura. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idonsa ja ne kullum. Makon jiya Jeffrey ya tare ni a ƙofar majami'a, ya cire hula, ya ce min a kan wani rufi Dogara ya kai hannu ga wayar lantarki bai kashe wuta ba, shi ne ya fizge shi ta baya. Da na tambayi yaron sai ya ce, "Mantuwa ce, Gwaggo, kowa yana yi." Ban san shi da irin wannan mantuwar ba.

Ban rubuta wannan don in karya ki ba. Na duba zuciyata kafin in sa shi a takarda, ko ramuwa nake yi saboda maganar ɗaki mai sanyi. Wataƙila akwai ɗigon haka, ni mutum ce. Amma abin ya faru, kuma hakkinki ne ki sani.

Na gaji, Yaya. Ke kina tsoron ruwa, ni yanzu ina tsoron rufin bene, ban kuma san wanne za mu roƙa a raba shi da shi ba. Na daina tsara wa Ubangiji abin da zai yi. In na durƙusa, sunan yaron kawai nake ambata, in yi shiru.

Taki cikin gajiya da bege,
Liatu

*

Kafur, watan Agusta

Liatu,

Muna lafiya. Gero ya fitar da kai. Rafi ya cika har ya taɓa gonar Ɗanlami. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi in kin dawo aiki.

Takardarki ta zo. Na yi fushi da ke, na huce, na sake yi.

Shekaranjiya na je bakin rafin. Rabona da wurin tun ranar da aka tsamo Gado, ta hanyar tudu nake zagayawa ko da kaya a kaina. Na tsaya inda yaron ya tsaya. Ruwan ja ne, laka zalla, in ka sa hannu ba ka ganinsa. Duk shekarun nan ba mutuwar ce ke hana ni sakat ba, kowa zai mutu. Duhun ne. Ina ganin Gado a cikin duhu yana lalube, bai san inda sama take ba.

Da na dawo na ce Jael ta nuna min hotunan nan da na ƙi kallo. Dabbobin dai ba su da kyau, kada ki gaya masa. Amma na ga ruwan nasu akwai haske.

Ki tambaye shi, in mutum yana can ƙasa ya ɗaga kai, me yake gani? Ana ganin rana? Ba amsar baki nake so ba, hoto nake so. Kada kuma ya tono min tsoho a kwamfuta. Sabo nake so, wanda aka ɗauka saboda ni.

Ga Jael nan ta ajiye biro tana tambayata ko na janye maganata ke nan. Na ce ta rubuta abin da aka ce ta rubuta. Nono dai ya riga ya sha, ban ga yadda zan karɓe shi ba.

Sharaɗina ɗaya ne. Ranar da zai shiga ki gaya min tun da safe, in bar gona in zauna kusa da waya. Da ya taka tudu, kafin ya sa komai a bakinsa, a kira ni. Ba ke ba, Liatu. Kin yi iyakar naki, je ki huta da gwiwarki. Shi zai kira, ni zan ɗauka.

Asabe